Isyaku Ya Kawo Ikko Gyaɗi-Gyaɗi

Ku matso ku ji, wallahi labarin nan ko hucewa bai yi ba, don ɗazun nan aka ƙarasa shi, har yanzu akwai masu tsaye a bakin hanya suna riƙe da ciki.

Kun dai san Isyaku na Gyaɗi-Gyaɗi, mijin Huraira, wanda gidansa ke kallon hanyar Zariya, mai jakin nan mai yankakken kunne. To shi. Bara wani mai shanu ya ɗauke shi rakiya, aka zuba shanu a jirgin ƙasa, Isyaku ya zauna taragu ɗaya da su har Ikko. Bai fa daɗe ba, askin da ya tafi da shi ma bai gama tofowa ba ya dawo. Amma tun daga ranar, ko gaisuwa ka yi masa sai Ikko ta faɗo ciki. Ka ce masa ina kwana, ya ce, "Lafiya lau, sai dai ba kamar kwanan Ikko ba."

A unguwar kuwa ciyayya ake yi. Da an sallame magariba kowane magidanci sai a fito masa da akushinsa ƙofar gidan Baba Tanimu, dattijon unguwa, a baje tabarma, a ci na wannan a ci na wancan. To a nan Isyaku yake buɗe makarantarsa.

"Ku fa wahala kuke sha ba ku sani ba," in ji shi. "A Ikko ruwa a bango yake, ka murɗa ya zubo. Fitila a rufi take, ba kananzir ba hayaƙi. Shinkafa kullum kamar ana Sallah. Ga araha. Ni duk zaman da na yi ban ji aljihuna ya motsa ba."

Bilya tela, maƙwabcinsa, wanda ba ya barin magana ta wuce shi, ya ce, "To Kaduna fa?"

"Kaduna garin masu albashi ce. In ba ka da shi ko kare ba ya kallonka."

"Jos fa?"

"Jos duk abin da ka samu a bargo zai ƙare."

"Badun?"

"Tudu da tsatsar kwano."

Jos ko hanyarta bai sani ba fa. Kaduna da Badun kuwa ta tagar taragun shanu ya hango su, shi ma sai da saniya ta matsa.

Baba Tanimu ya ce, "To Kanon tamu fa, ɗan nan?"

"Kano ta fi ko'ina tsada, Baba. Kuma ga abin da ke cinye mu nan." Ya nuna akusan. "Mutum ya noma geronsa, unguwa ta taru ta cinye. A Ikko kowa ƙofarsa a rufe, ya ci nasa shi kaɗai, shi ya sa duk suke da wuya."

Yana faɗar haka hannunsa yana cikin akushin Bilya har wuyan hannu.

"Fitar da hannunka daga tsadar tawa tukuna," in ji Bilya.

Da a iya baki abin ya tsaya da da sauƙi. Sai rannan Isyaku ya shiga gida ya ce wa Huraira ya yanke shawara: zai sayar da rumbun geronsu kaf, su kwashi yara su koma Ikko. Har ya yi magana da wani dillalin hatsi na Tarauni. Ku duba fa, bazara ce, ana jiran ruwan shuka, lokacin da kowa ke kallon rumbunsa kamar ƙwayar idonsa. Geron nan shi ne cin su har kaka, a ciki kuma irin shukarsu yake.

Huraira ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta ajiye taɓarya ta ce, "Malam, ai ba sai mun sha jirgi ba. Kawo mana Ikkon nan gida mu gani. Daga yau zuwa tsayuwar wata kai ka yi zaman Ikko, ni da yara mu yi na Kano. In ka fi mu jin daɗi kuma ka fi mu saura, ni da hannuna zan auna wa dillalin. In ba haka ba, rumbu ya zauna, mu ma mu zauna."

"Kin faɗa da bakinki."

"Na faɗa."

"Na shaida," in ji Inna Safara'u ta kan katanga. Tsohuwar nan dama kunnenta a katangar yake kwana.

Isyaku ya kafa doka nan take: akushi ba zai ƙara fita daga gidansa ba, tuwo a tuƙa daidai bakin Huraira da yara, shi kuwa abincin Ikko zai riƙa saya. Da magariba ya je ƙofar gidan Baba Tanimu hannu biyu a baya, ya sanar ya fita daga ciyayya.

"Allah ya kiyaye hanya," in ji Baba Tanimu. "In ka isa ka gaishe su."

Washegari ya nufi rumfar Matiyas kafinta, mutumin Anacha, wanda ke zuwa kullum daga Sabon Gari a kan keke. Shi Matiyas ya yi shekara da shekaru a Ikko kafin ya zo Kano, amma ba ya cika magana, sai dai ya sa fensir a bayan kunne ya yi ta kallonka.

"Ƙofar katako nake so a zaure, mai sakata," in ji Isyaku. "Daga yau ba sallama, sai bugu. Sannan famfo."

"Famfo kuma?"

"Duro za ka ɗora mini a kan soron zaure, ka zuro bututu ta ciki."

Matiyas ya sosa kai da fensir. "Malam Isyaku, soron ƙasa ne fa."

"A Ikko bene kan bene suke ɗorawa."

"Can siminti ne."

"Kai dai ɗora."

"To ruwan daga ina zai shiga duron?"

"Daga sama mana."

"Wa zai kai shi saman?"

Isyaku ya ce irin waɗannan ƙananan tambayoyin ne suka hana Kano ci gaba.

To kun ji yadda famfo ya samu. Kullum da safe Isyaku ya je rijiya ya ja guga, ya cika tulu, ya hau tsani da tulun a kafaɗa yana nishi, ya juye a duro, ya sauko, ya sake komawa. In ya gama ya shiga zaure, ya gyara hula, ya murɗa kan bututu, ruwa ya tsiyayo masa cikin buta. Matan unguwa har barin surfe suke yi su leƙo.

"Ɗan nan," in ji Inna Safara'u, "da a bakin rijiyar ka tsaya ai da tuni ka yi alwalarka."

"Inna, wancan ruwan rijiya ne. Wannan na famfo ne."

Duron kuwa tsohon duron kananzir ne, ga shi yana yoyo ta gindi. Shayin da Isyaku ke dafawa, in ka kusanto da ashana sai ka ji tsoro. Ya ce haka na Ikko yake, ɗanɗanon birni ne.

Sai maganar abinci. Ya tafi kanti ya sayo burodi da kifin gwangwani da madara. Ranar farko ya zauna a ƙofar gida ya ci a gaban jama'a, yana ɗaga kifin sama kafin ya kai baki. Ranar da ta biyo ya ci rabi. Daga nan gwangwanin ya koma abin kallo, burodi kawai ake tsomawa a ruwan zafi. Da ya je ɗibar itace a madafa Huraira ta tare shi.

"Malam, wannan itacen Kano ne."

"Itacen gidana ne."

"Inna ta tambayi Matiyas, ya ce a Ikko itace saye ake."

"To ba ni garwashi."

"Ya ce shi ma."

Haka Isyaku ya koma sayen ƙirare a hannun matarsa. Aljihun nan da bai motsa ba a Ikko, a Gyaɗi-Gyaɗi rawa yake yi. Ba a jima ba aka ga rigarsa ta Sallah a jikin wani mahauci a Unguwa Uku. Da aka tambaye shi ya ce a Ikko ba a sa babbar riga, zafi.

Jakin ma ya ba Bilya aro, wai a Ikko mutum mai mutunci mota yake shiga. Rannan zai je Tarauni wurin dillali. Tarauni fa, da in ka ɗaga murya daga bayan gidansa sai a amsa maka. Ya sa wando ɗan kanti da takalmi sau-ciki na gwanjo wanda ya yi masa kaɗan, ya tsaya a bakin hanyar Zariya tun hantsi yana ɗaga hannu. Rana ta take sannan wata babbar mota ta tsaya, ya haye baya. Mota ta ɗauki wuta. Ya ga kwanar Tarauni ta wuce, ya ga Unguwa Uku ta wuce, ya fara dukan rufin direba.

"Tarauni na ce, Tarauni."

Direba ya leƙo ya ce shi ba ya taka birki don tafiyar da akuya ke yi da ƙafarta. Sai Tamburawa aka sauke shi, aka kuma karɓi kuɗin mota cif.

Da la'asar Bilya yana dawowa daga kai taki gona a kan jakin, ya ci karo da mutum yana ɗingishi, takalma rataye a wuya.

"A'a, mutanen Ikko. Motar ce ta lalace?"

"Shan iska nake."

"To bari in wuce."

"Tsaya. Matsa gaba kaɗan. Amma in ka faɗa wa wani ban yafe ba."

Bilya bai faɗa wa wani ba. A wurin ciyayya ya faɗa, ga kowa gaba ɗaya.

Isyaku fa ya rame, wuyan nan da yake cewa na mutanen Ikko ne ya koma kamar na zalɓe. Da magariba ta yi, ƙanshin miyar kuka da daddawa ya taso daga ƙofar gidan Baba Tanimu, sai ya shige zaure ya danna sakata, a ji yana tari. Amma da safe in ya fito yana sakace, cewa yake bai taɓa jin jikinsa sakayau haka ba. Ya ma aika wa dillali ya zo da buhuna ranar da ake duban wata.

To ranar ita ce jiya.

An idar da magariba, an baje tabarma, dillali ya zo da buhunansa ya zauna, aka ce masa bisimilla. Ana cikin haka sai ga babbar mota ta tsaya a bakin hanya. Wani dattijo mai rawani ya sauko, bayansa mata da yara da akwatuna da ƙullin kaya kamar ana tashin gari. Ya yi sallama ya ce sunansa Alhaji Gwadabe, daga Agege ta Ikko, gidan Isyaku yake nema. Shi ne fatoman da ya sauke su bara, wato mai masaukin fataken shanu.

Bilya ya miƙe har yana tuntuɓe. "Ga gidan nan, Alhaji. Amma ba a sallama, sai bugu. Nan Ikko ce."

Alhaji ya dubi ƙofar katako, ya dubi duro a kan soro. Ya ƙwanƙwasa. Shiru. Ya ƙara. Shiru.

"Ƙara ƙarfi, Alhaji," in ji Bilya. "Benen ne da tsawo."

Alhaji ya sa gindin sandarsa ya doka.

Soron nan dama tun da aka ɗora duro yake shan ruwa, azara duk ta jiƙa. Sai aka ji ƙaƙaƙas, sannan rugum. Duro ya ɓace daga sama. Ruwa ya feso ta ƙarƙashin ƙofa, ƙofar da kanta ta yi ɗan tunani, sannan ta kwanto waje gaba ɗaya da sakatarta.

Ga Isyaku a zaune a tsakiyar zaure, duro a gefensa, jiƙe sharkaf, laka a hula. A cinyarsa kuwa tukunyar tuwon Huraira ce, hannunsa a ciki, bakinsa cike da ƙanzo.

Sai Inna Safara'u ta kan katanga: "Huraira, ashe ba ɓera ba ne."

Isyaku ya haɗiye da ƙyar. "Dubawa nake ko an wanke."

"Isyaku," in ji Alhaji, "ba ka gane ni ba?"

Ya gane shi mana. Ya tashi yana ɗiga, ya durƙusa, ya yi maraba, ya yi sannu da hanya, ya ƙara maraba. Ya leƙa ya ga yawan bakin da ke bayan Alhaji, ya ruga cikin gida.

"Huraira, baƙi. A kawo abinci."

"Daidai baki ka ce, Malam. Abin da ya saura kuma ka ga bayansa."

"To ki ɗora wani."

"Sai an yi daka. A ba su na Ikko mana kafin nan."

Na Ikko kuwa guntun burodi ne da ya bushe kamar dutsen guga, yana can yana iyo a zaure.

Isyaku ya fito, ya tsaya, ya dubi tabarmar Baba Tanimu. Tafiyar ba nisa, amma wallahi ta fi ta Tamburawa yi masa wuya. Ya isa ya durƙusa.

"Baba."

"Wa ke nan? A'a, saukar yaushe?"

"Baba, baƙi na yi."

"To ai sai ka rufe ƙofa ka ci naka."

"Ƙofar ta faɗi, Baba."

Baba Tanimu ya riƙe dariyarsa a gemu. Kafin ya ce komai ma an riga an matsa wa Alhaji wuri, an kawo ruwa. Matan baƙi da yara aka shige da su wurin Huraira, sai ga kwanuka suna ƙetare katanga ta kowane gefe, na tuwo, na dambu, na fura, har Inna Safara'u ta miƙo ɗanwake.

Alhaji ya ci ya yi hamdala, ya ce rabonsa da miyar kuka irin wannan har ya manta. Bilya dama jira yake.

"Alhaji, mu fa muna ta jin labarin arahar Ikko."

Alhaji ya ajiye ludayi. "Araha? Wa ya ce?"

Duk aka juya aka dubi Isyaku. Isyaku ya dubi sama, wai duban wata yake.

"Ni da kuke gani gudowa na yi," in ji Alhaji. "Ɗaki haya, ɗan ƙuƙut, ka miƙe ƙafa ta taɓa maƙwabci. Itace saye. Ganyen miya saye. Famfon ma layi za ka bi tun asuba, in ba ka iyawa ka sayi garwa. Geron kunu daga nan ake kai mana, kafin ya iso ya zama zinariya. Akwai fitila kam, ba ƙarya, tana haska maka abin da ba ka da shi."

"Amma Alhaji," in ji Isyaku a hankali, "ni da na zo ban kashe komai ba."

"To da wa zai bar ka ka kashe? Baƙona ne kai. Wanda ya kawo shanu gidana, kwanansa da cinsa a wuyana suke, haka muka gada. Shinkafar nan da kake ta ƙari, ka taɓa tambayar daga ina take?"

"Na ɗauka haka garin yake."

"Ka taɓa sa hannu a aljihu?"

Isyaku ya yi tunani sosai. "Na sayi rake."

"Shi ma ni na biya mai raken, ya biyo ka har gida."

Nan fa tabarma ta kife. Bilya ya kwanta yana dukan ƙasa. Matiyas, wanda ya tsaya da kekensa zai wuce gida, ya cire fensir daga kunne yana share hawaye.

"Kai kuma ka sani ka yi shiru?" in ji Isyaku.

"Na ce maka soron ƙasa ne," in ji Matiyas. "Kuma ƙofa ka ce in yi, ba ka ce in ba ka labari ba."

Dillali ya ga abin ba na ƙare ba ne, ya gyara murya ya ce shi fa buhuna ya kawo. Daidai lokacin yara suka fara ihun ga wata ga wata. Sai muryar Huraira daga bayan ƙofar da babu:

"Inna, ki tambayar mini Malam, a auna?"

"Ɗan nan, wai a auna?" in ji Inna Safara'u.

Isyaku ya matse ruwa daga hularsa. "Dama ni gwada ku nake. Ina so in ga ko kun san darajar garinku."

Dillali ya naɗe buhunansa, ya ƙara loma biyu don kada zuwan ya tashi a banza, ya kama hanyar Tarauni da ƙafa, ya kuma isa.

Alhaji kuwa ya ce fili zai nema a Tarauni ya yi gini, kafin nan ba shi da masauki sai gidan ɗansa Isyaku. Ya sauke wa Huraira manja da gishiri da huhun goro. Aka ba shi ɗakin maigida, matan suka shige na Huraira, shi kuma maigidan aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, ƙarƙashin ramin da duro ya huda.

Yau da safe Huraira ta kawo masa koko da ƙosai, ba ta karɓi ko anini ba. Ta ce, "Malam, ya kwanan zaure?"

Ya shanye kokon tas, ya lashe ludayi, sannan ya nuna ramin. "Ke ba ki sani ba. A Ikko ɗaki mai iska irin wannan sai manyan 'yan kasuwa."

To ɗazun nan da la'asar hadari ya haɗo ta gabas, ruwan farko ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Kowa yana murna, Huraira har ta buɗe rumbu tana fitar da iri. Shi kuwa Isyaku yana tsakiyar zaure da tabarma a ka, ruwa yana zuba ta ramin kai tsaye kan ƙeyarsa, ba guga, ba tulu, ba tsani.

Bilya ya leƙo da buhu a kai, ya duba sama, ya duba ƙasa.

"Isyaku," ya ce, "famfonka ya kawo. Tashi ka murɗa ya tsaya."